Tarihin Waƙafi: Sadakar Da Ta Riƙe Makarantu Da Asibitoci Shekaru Aru-Aru

Bayan gaisuwa ta ban girma ga malamanmu, waɗanda suke raye Allah Ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah Ya jiƙansu, da gaisuwa ga 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai na kowane aji, ina so in yi amfani da filin da Edita ya ba ni in taɓo wani ɓangare na tarihi wanda manhajar jarrabawa ba ta ba shi wuri ba a zamaninmu. Mun haddace sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, mun kuma ji labarin manyan makarantun Bagadaza da Alƙahira da Fas, amma ba a cika tsayawa a tambayi wanda yake biyan malaman waɗannan makarantu ba, ko wanda yake sayen man fitilar da ɗalibai suke karatu da ita, ko wanda yake gyara rufi idan ya fara yoyo. A mafi yawan ƙasashen Musulmi, na tsawon shekaru fiye da dubu, amsar ita ce waƙafi, wanda littattafanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi.

Ma'anarsa ba ta da wuya. Mutum ne zai ware wata kadara tasa, kamar gona ko gida ko kanti ko rijiya, ya tsayar da ita har abada, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amma amfanin da take fitarwa a riƙa kashe shi ta hanyar da ya ambata. Malamai sukan kafa hujja da labarin Sayyidina Umar (R.A.), wanda ya sami wata gona a Khaibara bayan an ci garin a shekara ta 7 bayan Hijira, watau 628 ta Miladiyya. Bai taɓa mallakar dukiyar da ta kai ta daraja a wurinsa ba, sai ya nemi shawarar Manzon Allah (S.A.W.), aka ce da shi ya riƙe asalin, ya yi sadaka da amfanin. Umar ya ambaci waɗanda za su ci, matalauta da dangi da bayi masu neman 'yanci da matafiya da baƙi da hidimar addini. Abubuwa biyu ne suka fi jan hankalina a wannan labari. Ya yarda mai kula da gonar ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka sani, ba tare da ya tara wa kansa dukiya ba. Ya kuma ambaci wanda zai riƙe ta a bayansa, ita ce 'yarsa Nana Hafsatu. Ka ga tun ranar farko an san cewa dukiyar sadaka tana bukatar mai tsaro, shi kuma mai tsaron mutum ne mai ciki.

Da wannan tsari aka riƙe ilmi. Waziri Nizamul Mulki ya buɗe makarantar Nizamiyya a Bagadaza a 1067, ya tsayar mata da kasuwanni da gonaki, daga kuɗin hayarsu ake biyan malamai a ciyar da ɗalibai. A can Imamu Gazali, mai littafin Ihya, ya koyar daga 1091 zuwa 1095. Haka Azhar, wadda aka fara ginawa a 970, ta rayu ƙarni bayan ƙarni a kan kadarorin da sarakuna da attajirai suka tsayar mata, har ya zama kowane ɗalibi da aka rubuta sunansa yana da rabonsa na gurasa. An raba wa ɗaliban masauki bisa ƙasashen da suka fito, kuma a cikin masaukan nan akwai na mutanen Barno.

Wannan magana ta Barno ba ƙarama ba ce, domin tana nuna cewa mutanen wannan yanki namu ba 'yan kallo ba ne a sha'anin. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya kawo labarin wata makaranta ta Malikiyya a tsohon birnin Alƙahira, wadda ake kira makarantar Ibnu Rashiƙ. Alhazan Kanem ne suka ba alƙalin kuɗi ya gina ta a wajen shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dabalemi, suka kuma ci gaba da aika mata kuɗi daga gida. Daga baya Askiya Muhammadu na Songai, a hajjinsa na 1496 zuwa 1497, ya sayi lambu a Madina ya tsayar da shi domin mutanen Tukururu, watau mu baƙaƙen yamma, kamar yadda Tarikhus Sudan ya ruwaito. Mutanen da suke keta sahara a kan raƙuma, ba banki ba waya, su ne suka riƙe makaranta a wata ƙasa. Duk lokacin da na tuna wannan nakan ɗan ji nauyi.

Ba makaranta kaɗai ba. Matafiyin nan Ibnu Baɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau a 1353, ya sauka a Dimashƙa a 1326, ya ce waƙafofin garin sun wuce lissafi. Akwai na taimaka wa wanda bai da halin zuwa hajji, akwai na kayan ɗakin 'yan mata da iyayensu ba su da ƙarfi, akwai na fansar fursunoni, har da na gyaran tituna. Ya ce ya ga wani yaro bawa ya yar da tangaran mai tsada ya fashe, sai wani mai wucewa ya ce masa ya kwashe fasassun ya kai wa mai kula da waƙafin kwanuka. Yaron ya kai, aka ba shi kuɗin sabo. Wani bawan Allah ya zauna ya yi tunanin dukan da yaron aike zai sha a gida, ya ware dukiyarsa domin wannan kaɗai.

A Alƙahira kuwa Sarki Ƙalawun ya gina babban asibitinsa tsakanin 1284 da 1285, da ɓangaren masu zazzaɓi, da na ciwon ido, da na masu rauni, da na masu taɓin hankali. Takardar waƙafin ta buɗe ƙofa ga mace da namiji, ɗa da bawa, mai kuɗi da talaka, ta tanadi magani ga wanda yake kwance a gidansa, da likkafani ga wanda ya cika. Sai dai labarin yana da ƙura. Maƙrizi ya ce wanda aka ɗora a kan aikin ya matsa wa jama'a ƙwarai, har ana tare masu wucewa a tilasta musu ɗaukar dutse, abin da ya sa wasu malamai suka yi shakkar halaccin yin salla a ginin. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Sau da yawa a tarihi hannun da ya bayar shi ne hannun da ya ƙwata, malaman wancan zamani kuma ba su ji tsoron faɗa ba.

Misalin da na fi so in daɗe a kansa shi ne na wani gidan abinci a birnin Ƙudus, domin takardunsa suna nan, masana sun yi nazarinsu filla-filla. Wadda ta kafa shi ita ce Hurram, matar Sarkin Musulmin Turkiyya Sulaiman Alƙanuni. An kamo ta ne tana yarinya daga yankin da yake cikin ƙasar Yukren a yau, ta shiga gidan sarauta tana baiwa, daga baya Sarki ya 'yanta ta ya aure ta. A 1552 ta tsayar da wannan waƙafi, wanda ya ƙunshi masallaci, da ɗaki 55 na baƙi, da masaukin fatake, da madafa, da gidan gashin gurasa. Domin a riƙe su ta tsayar da kuɗin shigar ƙauyuka masu yawa na Falasɗinu, cikinsu har da Baitalami da Ludda, da kantuna da masana'antun sabulu a Ɗarabulus ta Sham, da gidan wanka a cikin Ƙudus ɗin.

Abin mamaki shi ne yadda takardar ta bi komai dalla-dalla. Sau biyu ake girki a yini, miyar shinkafa da safe, ta alkama da yamma, kowacce da gurasa. Daren Juma'a da watan azumi da ranakun salla akan yi girki na musamman, shinkafa da nama da wani abin zaƙi. An rubuta ma'aunin kayan girkin, an rubuta yawan ma'aikata da albashin kowa, tun daga shugaba da magatakarda da ma'aji, har mai tsince shinkafa da mai wanke kwanuka da mai tsaron ƙofa. An kuma tsara yadda za a ci. Ma'aikata ne farko, sai baƙin da suke cikin ɗakuna, sa'an nan talakawa 400, mutum biyu a kwano ɗaya, kowa da gurasarsa. An hana fita da abinci waje. Jimlar masu ci ta kai kimanin 500, a garin da mutanensa ba su kai 20,000 ba a lokacin.

Mai karatu zai iya cewa ina tausayi a nan, tun da ma'aikaci ya riga mayunwaci cin abinci, rabonsa kuma ya fi yawa? Ni ma na yi wannan tunani. Amma da na ƙara dubawa sai na ga matar nan ta san mutane. Mai dafa abinci da yunwa a cikinsa ba ya jiran izinin kowa, gara a rubuta rabonsa a takarda kowa ya sani. Hana fita da abinci kuma shi ne ya toshe ƙofar masu hali da za su riƙa aiko yara da kwano. Duk da haka bayanan kotun Ƙudus sun nuna cewa da tafiya ta yi nisa manyan gari sun kutsa sunayensu cikin jerin masu rabo, har hukuma takan sake tantance jerin. Amma da yake akwai rubutacciyar ƙa'ida, akwai abin da alƙali zai koma ya duba.

Hurram ta rasu a 1558. Mulkin Turkawa a Ƙudus ya ƙare a 1917, Ingila ta riƙe garin zuwa 1948, tsohon birnin ya koma hannun Jodan zuwa 1967, daga nan Isra'ila ta mamaye shi. Kuɗin ƙauyukan nan ya daɗe da yankewa. Amma madafar tana nan a cikin tsohon birni, ana kiranta Takiyyar Khaski Sulɗan, hukumar waƙafi ta Ƙudus da ke ƙarƙashin Jodan tana kula da ita, mabuƙata kuma suna zuwa karɓar abinci, musamman da azumi. Wani sashe na ginin ya zama makarantar koyon sana'a ta marayu.

To, in tsarin yana da ƙarfi haka, me ya karya shi a wurare da yawa? Ciwon farko daga cikin gida yake. Ba kowane mai waƙafi ne ya yi domin lada tsantsa ba. Hakiman Masar na zamanin Mamalik sun san cewa Sarki yana iya ƙwace dukiyarsu ranar da suka mutu, sai su gina makaranta, su tsayar mata da kadarar da ta fi bukatarta, su naɗa 'ya'yansu masu kula, rarar kuma ta zama tasu. Ɗalibai sun amfana, iyali ma sun tsira, ban ce wannan laifi ba ne. Inda gizo yake saƙa shi ne bayan jikoki sun yi yawa, rabon kowa ya zama ɗan kaɗan, ba mai damuwa da gyara. Wani mai kula kuma yakan ba da hayar kadarar ga abokinsa na shekaru masu yawa a kan kuɗi kaɗan, ko ya musanya gida mai kyau da kango da sunan maslaha. Irin wannan ne Bahaushe yake cewa rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wannan ɓarna ita ta ba masu mulki hujja. A farkon ƙarni na 19 kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar noman Masar waƙafi ne, Muhammadu Ali Basha ya fara da ɗora mata haraji a 1809, cikin 'yan shekaru ya haɗiye ta. Sarkin Turkiyya Mahmud na 2 ya kafa ma'aikatar waƙafi a 1826, kuɗin da a da yake tsayawa a unguwa ya koma bi ta baitulmali. Masar ta soke waƙafin iyali a 1952, Tunisiya ta rushe nata tsarin a 1956 da 1957. Mafi muni shi ne na Aljeriya. Faransawa sun shiga a 1830, suka yi ta kafa dokoki, zuwa 1843 sun mai da kadarorin hubusi dukiyar gwamnati. Makarantun da suka dogara da su suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ba Musulmi ne kaɗai suka faɗi haka ba. Wani ɗan majalisar Faransa, Alexis de Tocqueville, ya rubuta a rahotonsa na 1847 cewa sun karɓe kuɗin waɗannan cibiyoyi, sun bar makarantu sun rushe, sun bar mutanen ƙasar cikin jahilcin da ya fi wanda suka tarar. Malaman da suke da abincinsu daga waƙafi suna iya gaya wa Sarki gaskiya, kamar yadda muka gani a ginin Ƙalawun. Da albashi ya koma hannun hukuma, murya ta yi ƙasa.

Turawa kuwa da suka rushe na wasu, sun riƙe irinsa a gida. Sarki Henry na 6 ya kafa makarantar Eton a Ingila a 1440 domin yara 70 marasa hali, ya tsayar mata da filaye, ko da yake a yau an fi saninta da 'ya'yan masu hannu da shuni. A Amurka wani limamin kirista mai suna John Harvard ya mutu a 1638 ya bar wa wata ƙaramar kwaleji rabin dukiyarsa da littattafai kimanin 400. A 2021 asusun da jami'ar take juyawa ya haura dala biliyan 50, kuma kaso mai yawa na irin wannan kuɗi daga tsofaffin ɗalibai yake fitowa.

A nan ƙasar Hausa ba a san mu da rowa ba. Zakkar hatsi, da ciyar da almajirai, da haƙa rijiya a bakin hanya, da gayyar noma ko ta yaɓen gidan gajiyayye, da randar ruwa a ƙofar gida, duk abubuwa ne da muka tashi muka tarar. Akwai kuma littattafan da malamai suka tsayar domin ɗalibai, da gidajen da aka bar wa masallatai. Amma waƙafin manyan kadarori masu kawo kuɗi bai yi ƙarfi a wurinmu kamar a Masar ko Maroko ba. A ganina dalilin yana cikin yanayin arzikinmu. Ƙasa tana da yawa, tana kuma ƙarƙashin ikon Sarki, arzikin mutum yana cikin jama'arsa da dabbobinsa da hajarsa, waɗanda ba sa daɗewa bayan ransa. Dokar filaye ta Turawa ta 1910, da ta soja ta 1978, sun ƙara tabbatar da ƙasa a hannun hukuma. Saboda haka alherin attajirinmu yakan bi shi kabari. Ranar da aka raba gado, tukunyar ƙofar gida ta sauka. Sai bayan 1999 aka fara ganin hukumomi na musamman, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da aka kafa a 2003, da makamantanta a Zamfara da Sakkwato.

Abin da ya cike gurbin a zamaninmu shi ne bikin ƙaddamar da gidauniya. Duk mun halarci irinsa: a kafa rumfa, a gayyato babban baƙo, sanƙira ya yi ta shelar alkawari, jama'a su yi tafi. Bayan wata shida ma'aji yana yawo ofis-ofis da takarda, ana ce masa mai gida ya yi tafiya. A nan fiƙihun da muka karanta a zaure yana da magana. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta bayyana cewa kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ba, in kuwa ya mutu kafin haka, abin ya koma gado. Wanda aka samu aka karɓa ma, in aka bar shi kwance a banki, yana narkewa. Kafin 1986 naira tana kafaɗa da kafaɗa da dala, a 2024 kuwa sai da dala ɗaya ta wuce naira 1,500. Ƙungiyar da ta ajiye kuɗi a wancan lokaci yau ba za su saya mata buhunan siminti na kirki ba, wadda ta gina kantuna a bakin kasuwa kuwa hayarta tana tashi tare da farashi.

Shi ya sa nake ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, kafin a sake maganar fentin ɗakin taro ko sabuwar ƙofar shiga, a kawo batun kadara mai kawo kuɗi gaban babban taro. Muna da lauyoyi da alƙalai da akantoci da magina a cikinmu, waɗanda in kowa ya ba da 'yan kwanaki na sana'arsa kyauta, ya fi abin da zai sa a faranti. Su za su rubuta mana takardar da za ta ambaci abin da za a kashe kuɗin a kai, ko littattafan laburare ne, ko kuɗin jarrabawar marayu, ko maganin ɗakin shan magani. Ta ambaci wanda zai riƙe, da ladan da za a ba shi a fili, da shekarun da zai yi, da wanda zai binciki lissafinsa, wanda bai kamata ya zama ɗan ajinsu ba. A kuma yi rajistarta da sunan amintattun ƙungiya, domin kada wata rana a wayi gari an lissafa kantunan cikin kayan ma'aikata, ko cikin gadon wani daga cikinmu.